Ƙirji Kika Ce, Ƙirji Na Faɗa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi mai tsakiya, ta tsohon Zongon Lome.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba.

Inna, shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarki ban rubuta miki layi ko ɗaya ba, ni da rubutu ne abincina. A wurin aikinmu an koya mana a sa babban labari a sama, don haka ga shi. Mako uku da suka wuce ina wanka na ji wani ƙullutu a gefen hagu, girman ƙwallon dabino, ba ya ciwo, ba ya motsi. Ranar Litinin zan je babban asibiti. Kafin in je sai na gaya miki abin da na yi miki a wannan asibitin, domin ban taɓa gaya wa kowa ba.

Takardar nan ba za ta shiga jarida ba. Na san abin da ke shiga jarida, ni nake gyara kurakuranta kafin a buga. Zan ba Goggo Asabe, ƙanwar Baba, a karanta wa matan layinmu bayan la'asar. Ki yi haƙuri, ba mu kaɗai ba ne yau.

Ni ce 'yarki ta fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" kike ce mini, ko "waccan". Da aka sa ni makarantar Faransanci sai kika samu mafita, kika riƙa ce mini Madmazel. Rabi ba'a ce, rabi alfahari, ban taɓa sanin wanne ya fi yawa ba. Ba ki taɓa canza zane a gabana ba. Ban taɓa ganin gashin kanki ba sai ranar da muka yi miki wanka.

Kina ɗaukar tiren duwatsun wuya, tsakiya da murjani, ki bi gidajen Turawa na bakin teku. A can kika samu Madam Odil, matar wani injiniya a tashar jiragen ruwa. Ba ki jin Faransanci, ba ta jin Hausa, yaren Mina na 'yan gari ma gaisuwa kawai ta iya, amma kukan yi hirar awa guda da hannu da dariya. Tana kiran ki ƙawarta. Takan ba ki ruwan sanyi a kofin da ta ware miki, wanda yake zama a kan tagar kicin. Kin lura da wannan, ba ki taɓa cewa komai ba.

Wata rana kika dawo da wuri, kika ajiye tire, kika zauna kusa da Goggo Asabe a tsakar gida. Ina bayan labule ina guga. Na ji kin ce, "Asabe, Baturiyar nan ba ta da kunya ko kaɗan. Ta kama hannuna ta ɗora a jikinta, wai in ji abin da ya fito mata." Sannan kika rage murya. "Irin nawa ne. Nata ma ya fi girma."

Ki riƙe wannan, Inna, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye. Na ji. Na san wurin da abin yake. Na ci gaba da guga.

Ni na matsa miki mu je asibiti, wannan kam a rubuta mini shi. A lokacin muna tsohon Zongo, cikin gari, da ƙafa muka tafi. Muka samu benci tun rana ba ta yi zafi ba, muka zauna har inuwa ta bar mu. Ƙofa biyu ce take kai mutum wurin likitan nan. Akwai ta gaba, mai tukwanen fure, wadda ake shiga da alkawari. Akwai tamu. Daga baya kukun Madam ya gaya miki cewa ta ƙofar gaba ta shiga, wurin likita ɗaya, a cikin mako ɗaya da mu.

Bature ne, dogo, mai tsabta, gashin kansa ya fara fari. Bai ɗago ba da muka shiga. Ya tambaye ni da Faransanci ina yake miki ciwo. Na tambaye ki da Hausa. Kika dubi ƙasa kika ce, "Ƙirjina." Hannunki yana ƙarƙashin mayafi, a daidai wurin. Na ga gwiwar hannunki, na san inda yatsunki suke.

Kalmar da ta dace kina faɗar ta kullum. Duk ranar da Bafulatana ta shigo da ƙwarya kina ɗaga murya ki ce a kawo kwano a sayi nono. A cikin ƙwarya ba abin kunya ba ne. A jikinki, gaban namiji baƙo, gaban 'yar fari, bakinki ba zai iya ba. Kin bar mini ita in ɗauka. Don haka kika tafi da ni, ba don in riƙe miki jaka ba.

A Faransanci kalmar gajera ce, sein, numfashi ɗaya. Na san ta, na san yadda ake rubuta ta, na ci jarrabawa da ita. Na buɗe baki na ce poitrine, ƙirji. Ƙirji kika ce, ƙirji na faɗa. Babu mai gyaran rubutu a duniya da zai ce na yi kuskure. Na fassara bakinki daidai, na bar hannunki.

Ya ɗora abin sauraronsa a bayanki, a kan riga, bai ce ki cire mayafi ba. Ya tambaya ko kina tari. Wace mace ce mai girki da itace ba ta tari? Na ce kina yi. Ya rubuta layi biyu a katin asibiti, ya tura mini da ɗan yatsa. Ban gama gyara jaka a cinyata ba aka kira na gaba. Maganin tari muka saya, mai zaƙi, mai launin ja. Kika sha har ƙarshen kwalba, cokali uku a rana, domin likitan Turawa ne ya rubuta.

A hanyar gida kika tsaya a kwanar masallaci. Kika ce, "Madmazel, kin gaya masa?" Na ce na gaya masa. Kika ce, "To."

Na daɗe ina duba kalmar nan a ƙamus, kamar mai komawa inda ya yi tuntuɓe. Poitrine tana da ma'ana biyu, Inna. Tana nufin ƙirjin tari, tana kuma nufin abin da mace take shayarwa da shi. Su ma matansu sukan fake da ita idan suna jin nauyi. Likitan ya san haka fiye da ni, harshen uwarsa ne. Mace mai shekara arba'in da wani abu ta zauna a gabansa, hannunta a dafe a wuri ɗaya, ta ce ƙirji. Tambaya ɗaya ta rage masa. Da Madam ce ta faɗi kalmar da ya yi tambayar. A kanki ya zaɓi ma'anar da ba za ta sa ya tashi daga kujera ba.

Ba na faɗar wannan don in wanke kaina. Ina raba laifin ne yadda yake. Ke kin ɓoye, ni na rufe, shi kuma bai ga dalilin buɗewa ba.

Madam ba ta yi kwana goma ba aka ɗora ta a jirgi. Kika je da tire kika tarar da tagogi a rufe. Kuku ya ce an kai ta ƙasarsu, can akwai na'urar da take ƙone saiwar ciwon bayan an yanke. Na'urar ba ta ƙasar nan a lokacin. Har yau ba ta zo ba. Kika dawo kika ce, "Allah Ya ba ta lafiya, mutuniyar kirki ce."

A shekarar aka tashe mu. Motocin rusau suka shiga tsohon Zongo, aka kwashe mu zuwa bayan Agoè, cikin ciyayi da sauro, inda ko famfo babu. Jaridarmu ta ce an yi wa birni kwalliya. Ni na duba rubutun, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Asibitin da muke zuwa da ƙafa ya koma tafiyar mota biyu. Gidajen bakin teku suka yi miki nisa, tire ya zauna a ƙarƙashin gado. Wata takwas kina haɗa bulo da langa-langa, kina ɗaga tukunya da hannun dama kaɗai, ina gani ina kawar da kai.

Kawu Sule, yayanki, shi ya fara kiran abin da suna. Ya ce daji ne, kuma idan aka taɓa shi da ƙarfe ko allura zai bazu a jiki, kada wanda ya kuskura ya mayar da ke wurin masu wuƙa. Aka yi rubutu kika sha. Aka kawo saiwoyi daga arewa. Goggo Asabe, wadda ba ta taɓa rasa sallar asuba ba, ta yi lulluɓi ta tafi kasuwar bokaye ta Akodésséwa a ɓoye ta sayo wani baƙin gari a ƙoƙo. Ban hana kowa ba. Wanda ya ba uwarsa maganin tari ba shi da bakin raina garin ƙoƙo.

Daga nan ɗakinki ya fara ƙamshin turaren wuta safe da rana. Maƙwabta suna yabon tsabtarki. Sai da turaren ya kasa rufe abin da kike rufewa kika ce, "Madmazel, ki nemo mota."

Likitan nan dai muka sake tararwa. Wannan karon bai tambayi komai ba, hancinsa ya gaya masa. Ya sa ma'aikaciya ta ɗaga mayafin, ya duba daga inda yake tsaye, ya juyo gare ni ya ce, "Ku mutanen nan kullum sai lokaci ya ƙure kuke zuwa."

Katin yana cikin jakata, Inna. Rubutun hannunsa, kwanan wata, maganin tari, sa hannunsa a ƙasa. Yatsuna suna kansa. Ban fito da shi ba. Shi ne likitan manyan jam'iyya mai mulki da matansu, ni kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce a gidan jaridar gwamnati, 'yar Zongo, wadda ake iya maye gurbinta kafin azahar. Na ce masa na gode.

Kika tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce za ki samu sauƙi. Kika dube ni, a karon farko a rayuwata kika dube ni ido cikin ido, kika ce, "Ba haka fuskarsa ta ce ba. Ashe bokon naki bai kai inda nake zato ba."

Aka yanke, aka kwantar da ke a ɗakin mata. Na shiga neman takardar fitar da mara lafiya waje, irin wadda aka yi wa Madam. Na gano ba Turawa kaɗai ake yi wa ba. A watan an fitar da matar wani babba a jam'iyya, baƙa kamar ni da ke, da 'yar rakiya har biyu. Wani Alhaji a Zongonmu ma ya kai uwargidansa da aljihunsa, ta dawo tana tafiya da ƙafarta. Launin fata yana buɗe ƙofar, mulki yana buɗe ta, dukiya tana buɗe ta. Ke ba ki da ko ɗaya. A ofishi na uku wani magatakarda ya juya takardunki ya ce, "Ai ku 'yan Nijeriya ne, me ya hana ku kai ta gida?" A Lome aka haife ki. Kano da kakanki ya baro ba ki taɓa ganin ta ba sai a jikin kwanon sha.

Na rubuta labari. Gajere, babu sunan kowa, babu zargi, tambaya kawai: me ya sa ciwo ɗaya yake kashe wata ya bar wata? Na kai wa editanmu. Ya karanta har ƙarshe, ya ɗauki jan biro ya gyara waƙafi ɗaya, ya miƙo mini. Ya ce, "Rubutu mai kyau. Amma a ƙasar nan lafiya lau ake, ko ba kya karanta shafin farko?" Ina karantawa. Kullum hoton mutum ɗaya ne a kai.

Kina kwance Madam ta dawo. Ta haɗa matan Turawa suka sayi zannuwan gado don ɗakin mata, sadakar warkewarta. Aka aiko mai ɗaukar hoto daga wurinmu. Ina zaune a bakin gadonki ina miki fifita suka shigo, suna bin gadaje ɗaya bayan ɗaya. Kin gane muryarta tun daga ƙofa. Kika ja mayafi kika rufe fuska. Ta zo ta ajiye farin zane a kan ƙafafunki, ta yi mini murmushi, ta wuce. A wuyanta akwai shuɗiyar tsakiya mai layi uku. Ke kika shirya ta, ina zaune kina zura zaren.

Da suka fita kika buɗe fuska kika ce, "Ta yi ƙiba." Can kika ce, "Alhamdu lillahi, ta warke." Can kuma, "Wane gefen aka cire mata? Ban gane ba."

Hoton ya zo teburina washegari. Madam tana tsakiya, a gefe ƙafarki ta leƙo, busasshiya, da ragowar lalle a farce. Edita ya ce ƙafar tana ɓata hoton. Ni na sa almakashi. Ni na duba rubutun da ke ƙarƙashi, na tabbatar an rubuta sunan Madam daidai.

Kwana goma sha tara bayan nan kika tafi, da hantsi, ranar Talata. Na yi ta jira ki kira sunana sau ɗaya, ko don kin ga babu sauran lokaci. Maganarki ta ƙarshe gare ni ita ce, "Ke, gyara mini mayafi." Na gyara. Da zanen Madam aka lulluɓe ki zuwa mota, shi ne mafi tsabta a ɗakin.

Na yi karatu da yawa tun daga nan, Inna. Mujallun waje suna zuwa ofis, ni nake fara buɗe su. Na karanta cewa ko a ƙasashen da na'urar take, ciwon nan ya fi kashe baƙar mace a kan fara, ya fi kashe matalauciya a kan mai hali, kuma a can ma ana ce musu sun zo a makare. Ban ji sanyi ba da na karanta. Na dai gane cewa bencin da muka zauna a kai ya fi yadda na zata tsawo.

Yanzu ga nawa. Likitan ya koma ƙasarsu tuni, 'yan ƙasa ne a kujerar, wasu ajinmu ɗaya. Ƙofofin suna nan biyu. Na san matakin ma'aikacin da ake fitarwa waje, ni na gyara sanarwar, kuma mai gyaran rubutu ba ta kai ba. Ba na yaudarar kaina cewa kalma za ta ɗora ni a jirgi. Abin da za ta iya kaɗan ne: ta sa a ɗaga mayafi tun abin yana ƙwallon dabino. Ke ko wannan ba ki samu ba.

Kin lura da farkon takardar nan? "A gefen hagu" na rubuta. Shekarata arba'in da ɗaya, ina jin harshe uku, kin rasu da abin a gabana, amma hannuna ya kauce wa kalmar kamar yadda bakinki ya kauce. Ban goge ba, na bar shi ki gani. Gadon da kika bar mini ke nan, ya fi tiren tsakiya nauyi. Na daɗe ina fushi da ke a kan haka. Kin zaɓi kunya, kin bar ni da ƙanne huɗu da katin asibiti. Ban sani ba ko na gama fushin.

Jiya bayan la'asar na kira jikarki, wadda kika bari tana shekara shida, kina goya ta kina ce mata kishiya. Ita ma 'yar fari ce, kuma ni ma ban taɓa kiran sunanta ba, haka na gani haka na yi. Tana wanke-wanke. Na ce, "Hadiza." Ba ta juyo ba, ta zaci wata ce a waje. Na sake kira. Ta zo tana goge hannu a zane, idonta cike da tsoro, tana tambaya ko wani ya mutu.

Na rufe ƙofa, na cire riga, na kama hannunta na ɗora. Yana da sanyi, yana warin sabulu. Ta so ta janye, na riƙe. Na ce, "Wannan nono ne. Nonon uwarki. Akwai ƙullutu a ciki. Faɗi in ji." Ta yi kuka, ta ce, "Mama, don Allah." Na ce ta faɗa. Sai da ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Faransanci, sannan na sake ta. Na san na yi mata rashin tausayi. Ranar Litinin tare za mu tafi. Ba tafinta nake bukata ba. Ina so ta tsaya a bayana, idan bakina ya ce ƙirji ta gyara mini a gaban likita.

Ku da kuke saurare a tsakar gidan Goggo, na san wasunku sun sunkuyar da kai tun ɗazu. Na san akwai wadda hannunta yake ƙarƙashin mayafi yanzu haka. Ba zan ce mata komai ba. Turaren wutar Inna yana nan, rabin kwalba, ban ba kowa ba kuma ba zan bayar ba.

Inna, katin yana wurina har yau, a cikin Alƙur'aninki. Wani lokaci nakan tuna tafiyarmu ta dawowa, da kika tsaya a kwanar masallaci kika saya mini ƙosai mai zafi a takarda, kamar ni ce mara lafiyar. Kin san ban gaya masa ba. "To" ɗin nan naki ya gaya mini kin sani. Kika rufa mini asiri har kabari, kamar yadda kika rufe komai. Ki yafe mini kalma ɗaya. Ni ma ina kan hanyar yafe miki ita.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya sanyaya makwancinki, Ya ba ki gidan da ƙofarsa ɗaya ce ga kowa. Idan Ya ƙaddara in biyo ki ta wannan hanyar, Ya ba ni lokaci in ga Hadiza ta tsaya da ƙafarta. Idan Ya ƙaddara in daɗe, Ya hana bakina kaucewa. Amin.

Ki huta lafiya.

'Yarki ta fari, Madmazel.
Sunana Rakiya, Inna. Ke kika zaɓa shi.